Akurkin da Ya Hau Dutse da Inna

Abin ya faro ne daga ƙarar tef ɗin awo, irin na ƙarfen nan da ke komawa gidansa da kansa idan aka sake shi: shiiit, tas. Ina madafa da hantsi ina tsintar shinkafa na ji ta, daga ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana. Na dakata. Ta sake yi. Na aje tire na leƙa, sai ga maigidan a tsugune gefen katifa, fensir a bayan kunne, ya ja tef daga saitin kan Inna har ƙafafunta, ita kuwa tana kwance ta juya fuska bango. A gidan da na tashi ba a auna mai rai yana kwance. Wanda aka yi wa wanka ake aunawa, a kai wa masu haƙa. Na kamo hannun rigarsa na ja shi waje.

"Lafiyarka kuwa? Mahaifiyar taka kake aunawa?"

"Katifa nake aunawa, ya bint al-halal, 'yar mutanen kirki."

"Ai tana kai!"

"To, ɗaga ta zan yi?" Ya dubi tef ɗin, ya dube ni, sai a lokacin ya gane abin da na gani. Ya yi ta'awwuzi, ya cusa shi aljihu kamar kayan sata. Sannan ya rage murya ya ce, "Ɗaki zan yi mata. Mai taya."

A lokacin muna unguwar Sharafiyya a Jidda, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ƙasanmu mai gyaran rediyo, gefensa wani Bayamane mai sayar da ful, dafaffen waken nan na karin kumallo. Baba, surukina, ya rasu bayan ya ƙarar da ƙarfinsa wajen dako a tashar jiragen ruwa. Inna ta yi takaba ta gama, amma ba ta fito daga ɗakin ba. Matar da muryarta ke riga ta shiga gida, wadda ta shekara da shekaru tana soya gyaɗa cikin yashi tana kaiwa ƙofar makarantar 'yan mata, ta koma sai dai ta amsa gaisuwa da hannu. In kai abinci, in dawo da shi yadda na kai. Ruwa take sha, wani lokaci da ɓarin dabino. Likita ya duba ya ce babu ciwo, a sauya mata iska. An yi addu'a, an yi sadaka, ƙawayenta na sana'a sun zo sun zauna sun tashi. Ni ke ɗaura mata zane bayan wanka, don haka ni na fi kowa sanin inda ake: zanen da da ƙyar yake haɗewa ya koma yana neman zagaya ta sau biyu. Ba wanda ya furta, amma dukanmu mun san Inna ta kama hanyar bin Baba, a hankali, ba tare da ta sallami kowa ba.

Sauya iska kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Bayanta ba ya jure dogon zama, kuma tun tana da lafiya ba ta kwana kan shimfiɗar da ba tata ba. Shi ya sa ɗanta, wanda aikinsa walda ne a wata warsha, wato gareji, a unguwar masana'antu, ya ce in ba za ta bar katifarta ba, to katifar za ta yi tafiya. Ya roƙi mai warshar ragowar ƙarafa, ya samo tayoyi da gindin wata matacciyar mota, kullum in an tashi aiki sai ya tsaya. Yakan dawo idanu jajir, in ɗiga masa ruwan sanyi, in ce ya yi a hankali, ya ce saura kaɗan. Ranar wata Juma'a ya jawo abin a bayan motarmu har ƙofar gida. Kore ne shar, domin fentin da ya rage ke nan. Kuma ko'ina taga: gaba taga, baya taga, dama da hagu manyan tagogi, duk raga ce babu gilashi. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada zafi ya dafa masa uwa a cikin kwano. Unguwa ta fito kallo. Mai ful ya zagaya shi yana goge hannu, ya ce, "Ya mu'allim, mabruk. Kaji nawa yake ci?" Daga ranar sunansa akurki, har a bakin wanda ya ƙera shi.

Kwanan baya ɗana ya zo da hoton irinsa na zamani wanda zai yi haya su tafi da iyalinsa, wai karafan. Fari tas, da banɗaki a ciki, da abin sanyaya ɗaki da na ɗumama shi, har da wajen kallon talabijin. Ya danna waya ya faɗa mini irin sanyin da za a yi a garin da ba su ma isa ba tukuna. Na ce madalla, Allah Ya kai ku lafiya. Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Wahala ba ibada ba ce, kuma na ji daɗi da jikokina ba za su kwana suna rawar ɗari ba. Sai dai na daɗe ina kallon hoton ina tunanin cewa a cikin wannan farin ɗaki ba abin da zai sa wani ya bukaci wani. Kowa da maɓallinsa. Mu kuwa da muka tashi, abin da muka sani game da hanya bai fi abin da direbobin manyan motoci suka gaya wa maigida a wajen shan shayi ba.

Mu 'yan Jidda ne, ni da shi, a nan aka yanke mana cibi. Abin da muka sani a duniya zafi ne da gumi, da iskar teku mai ɗanko wadda ke manne riga a baya. In an ce mana Ɗa'if akwai sanyi, abin da ke zuwa ranmu shi ne irin sanyin shagon da ke da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda mutum ke shiga ya ƙi fita. Sau ɗaya muka taɓa zuwa, shi ma a tsakiyar bazara. Ba mu san kaka ba sai a littafin makaranta, inda ake zana bishiya tana zubar da ganye. To haka na shirya kaya yadda uwata ta koya mini shirin tafiya: jarkokin ruwa, kula cike da ƙanƙara, mahuci na kowa da kowa, fanka mai batir saboda Inna, riguna marasa nauyi. Na ɗauki gero da na surfa na niƙa, da citta da kanumfari da barkono, ko Allah zai sa ta karɓi kunu. Bargo kuwa ko a raina. Guda ɗaya muke da shi a gidan, kyautar aure, yana saman kabad cikin ledarsa.

Kafilin maigida, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya ba shi takardar izinin tafiya, muka haɗa da iƙamominmu, katunan izinin zama, a jaka. Bayan sallar asuba ya sauko da katifar, ya koma ya sauko da Inna a hannu kamar yarinya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Muka kwantar mata da kujerar gaba. Ni ina baya da jaririya a cinya, da babbar 'yata wadda aka sa wa sunan Inna, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidan, sai dai Takwara. Lokacin haƙoranta na gaba sun faɗi, surutu kuwa kamar rediyon maƙwabcinmu. Maigida ya karanta addu'ar tafiya muka amsa. Na ga leɓen Inna ya motsa. Wannan kam ba ta taɓa bari ba, ko a kwanakin da suka fi tsanani.

Har yau ina jin ƙarar akurkin nan a bayanmu. Ƙugiyar da ta haɗa shi da mota tana ƙwal-ƙwal, murafan tukwane suna amsa mata daga ciki, ragar tagogi tana fito in an yi gudu. Duk motar da ta wuce mu sai an leƙo, wasu su yi mana hon, yara su ɗaga hannu. A shingen bincike wani jami'in tsaro ya karɓi takardu, ya zagaya baya ya leƙa ya ga katifa da matashi da buta, ya dawo ya duƙa ta tagar Inna ya ce, "Ya Hajja, ki sa mu a addu'a." Muka bi doguwar hanya wadda hawanta bai yi tsanani ba. Ƙasa ta tashi daga fari ta koma ja, daga ja ta koma baƙin dutse. Kunnuwanmu suka toshe, Takwara ta fashe da kuka wai ta kurmance, babanta ya ce ta haɗiye yawu. Muka kwana a gefen Ɗa'if, bayan wani masallaci. Iskar ranar mai daɗi ce, irin wadda muka zo nema, har maigida yana ta yaba tagoginsa. Inna ta kwanta a katifarta, ta juya fuska bango, ko da yake wannan bangon raga ne.

Kashegari muka yi kudu, hanyar da ke bin ƙoƙon duwatsu. Ban taɓa sanin ƙasar nan tana da irin wannan fuska ba. Gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowace an tare ta da katangar dutse, tsofaffin hasumiyoyi a kan tuddai, itatuwan ar'ar masu ƙamshi kamar an buɗe sabon akwati. Ganyen inabi ya yi ruwan ɗorawa yana zuba, ashe ba ƙarya littafin ya yi ba. A bakin hanya tsofaffi sun jera rumman a kwali, wasu sun tsage don nuna, da zuma a kwalabe. Birai zaune a kan ƙarfen gefen titi kamar masu jiran bas. Wani biri ya miƙa hannu ta tagar akurki da muka tsaya, ya tsinci ledar burodi ya haye dutse, Takwara tana ihu tana ce masa harami, wato ɓarawo. Ina ta tasbihi a raina. Nakan ce, "Inna, dubi can." Takan duba, don kada ta ba ni kunya, sannan ta mayar da ido cinyarta. Na ɓare rumman na zuba mata a tafi. Ta riƙe har ya jiƙa mata hannu, ta miƙa wa Takwara.

Da la'asar maigida ya ga wani fili a kan tudu, buɗaɗɗe ta ko'ina, ana hango kwari har iyakar gani. Ya ce nan ne, nan iska za ta fi shiga. Muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru. Ina cikin kunna risho sai Takwara ta ce, "Ummi, gobara!" Na ɗaga kai na ga wani farin abu yana hawowa daga kwarin kamar hayaƙi, amma babu ƙauri. Gajimare ne da kansa. Kafin in rufe tukunya ya iso, ya shanye kwarin, ya shanye bishiyoyi, ya shanye titi, har motar da ke gabana sai inuwarta. Ya shiga akurki ta tagar dama ya fita ta hagu. Sai iska ta biyo bayansa, mai jiƙa, mai shiga ƙashi. Risho ya mutu. Na kunna, ya sake mutuwa. Kwanon akurkin ya yi sanyi har taɓa shi ciwo. Jaririya ta ƙwalla kuka, leɓen Takwara ya sauya launi, haƙoran da suka rage mata suna haɗuwa. Na shiga na tarar da Inna ta dunƙule, na kwashe zannuwan da muka zo da su na rufa mata, duk shara-shara ne. A gefen kanta ga fanka mai batir, a ƙarƙashin gadon ga kula cike da ƙanƙara.

Maigida ya tsaya a ƙofa, gashin girarsa duk raɓa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Na kashe ta," ya ce a hankali. "Na ɗauko ta daga ɗakinta na kawo ta nan. Halas, shi ke nan, ku shiga mota, mu sauka."

"Mu sauka ina? Kana ganin hanya?"

"Zan bi a hankali."

"Da wannan abin a bayanka, a bakin rami?"

Muna cikin haka, Takwara ta kutsa ta tsakaninmu, ta hau katifa ta shige jikin kakarta tana makyarkyata. "Sitti, sanyi yana cizo na." Sitti suke ce mata, irin na yaran nan.

Sai muka ji wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Wane mara wayon ne ya kafa zango a bakin iska?"

Na dubi maigida, ya dube ni. Inna ta yaye zannuwan ta tashi zaune. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, don haka ta nuna shi da haɓa.

"Kai nake tambaya. Duk faɗin dutsen nan ba ka ga inda za ka aje yara ba sai inda ko jaki ba zai tsaya ba? Da muna hawowa ban ga wata katanga ta hannun hagu ba?"

"Akwai, Inna."

"To me kake jira? Ja akurkin naka ka kai bayanta. Ƙofa ta dubi katanga. Ke kuma 'yar nan, goya yarinyar nan a ciki, fata da fata, ki ɗaura zane a kai. Kin tsaya kina kallo na kamar kin ga fatalwa."

Wallahi hawaye ne suka zubo mini, ina dariya ina neman majanyi.

Abin da na sani game da ƙuruciyar Inna a lokacin kaɗan ne. Na san ba a nan aka haife ta ba. Tana ƙarama iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar hajji, suka yi shekaru a hanya, su yi noma a nan su yi tsinkar auduga a can, har suka ƙetaro teku. Irin labarin da kowane gida a cikinmu yake da shi, har mun daina jin nauyinsa. Ban taɓa kawowa a raina cewa tafiyar tana nan a hannuwanta ba. Ta sa aka sauko da ita, ta zauna kan kular ƙanƙarar nan a gindin katanga, lulluɓe da darduma, tana ba da umarni. A tsinto busassun rassa daga ƙarƙashin bishiya, ba na fili ba, na fili sun sha raɓa. A kafa murhu a kusurwa. A zubo duwatsu masu santsi, kamar girman kan jariri, a jera su a bakin wuta. A yaga kwalayen rumman a toshe tagogi, inda kwali bai kai ba a sa sallaya, a sa buhu, a ɗaure da igiyar shanya.

"Taga huɗu," ta ce tana kallon ɗanta yana fama da kwali. "Ɗaki ka gina ko rariya?"

"Zafi na ji miki, Inna."

"Zafi. Ɗan bakin teku. Ubanka ma haka yake, in aka yi yayyafi sai ya nemi hula biyu." Wannan ne karo na farko da ta ambaci Baba tun da aka fita da shi. Sai ta juyo kaina. "Kin zo da citta?"

Na ce na zo da ita, da kanumfari da barkono.

"To ke da sauran hankalinki. Dama kunu, ki cika yaji, kada ki ji tausayin kowa."

Da duwatsun suka yi zafi ta sa aka mirgino su da itace, aka naɗe kowanne a tsumma, aka jera a ƙafafun katifa da gefen bango. Ta shafa wa yara man zaitun a ƙirji da tafin ƙafa, tana murzawa da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Ta tsara yadda za a kwanta: yara a tsakiya, manya a gefe, kowa bayansa a jikin na kusa da shi. Maigida ya ce shi zai kwana a mota. Ta ce, "Ka kwana a mota mu wayi gari da gawa? Shiga nan bakin ƙofa ka tare mana iska, ai ka yi amfani." Muka yi magariba da isha a haɗe a gindin katanga, hazo yana wucewa ta saman kanmu, wuta tana ƙara. Na miƙa mata kofin kunu ban sa rai ba. Ta riƙe shi da hannu biyu don ɗumi. Ina kallo ta gefen ido, ta kurɓa, ta sake kurɓa. Ba ta shanye ba, amma ta sha.

Gari ya waye tas kamar an wanke shi. Gajimaren ya koma ƙasa ya kwanta a kwarin, mu muna samansa, rana tana fitowa a kai. Na tsaya da buta a hannu na rasa abin faɗa sai Subhanallah. Maigida ya zo ya durƙusa gaban Inna ya ce ta yafe masa, yanzu zai juya da mu gida.

"Gida a yi me?" ta ce. Idonta yana kan wata gona a ƙasan katangar. "Wancan ba gero ba ne?"

Gero ne, ya nuna, kawunansa sun sunkuya. Wata dattijuwa 'yar ƙauyen tana ciki da lauje, da faffaɗar hular kaba a kan mayafinta. Inna ta dafa kafaɗata muka gangara, taki ɗaya a huta. Suka gaisa, Larabcin dutse da Larabcin Inna na kasuwa, kowacce tana fahimtar rabi tana cike rabi da dariya. Matar ta yanko kawuna masu ɗanyen ido ta cika wa Inna zane, ta ƙi karɓar komai, har ta aiko mana da tsofaffin barguna biyu masu warin hayaƙi, wai mu mayar in mun dawo. Inna ta tona garwashin jiya, ta gasa kawunan tana juyawa, ta murza a tafinta, ta hure ƙaiƙayin.

"Wannan shi ne tumu," ta ce wa Takwara. "Buɗe hannu. Rabona da shi tun ina kamarki."

"Sitti, ke ma kin taɓa zama kamata?"

"A'a, da furfurata aka haife ni. Ci, kin ji, mai wawulo."

Ta zuba wa yarinyar, ta zuba wa kanta. Ina jin ƙarar taunarta, ƙurus-ƙurus, na juya baya na shiga wanke kofunan da na riga na wanke.

Kafin mu tashi ta hana a watsa murhun. Ta sa maigida ya tsinto wasu itatuwan ya jingina a gindin katanga inda raɓa ba ta kaiwa, aka tara duwatsun a gefe. Ya ce wa zai zo nan? Ta ce a hanyarsu ba a barin zango yadda aka same shi, ana barin wa na baya abin kunna wuta, domin su ma sau da yawa abin da wasu suka bari ne ya raya su, mutanen da ba su taɓa gani ba. Tun daga ranar ko a bakin teku muka yi girki sai na bar ragowar gawayi a inda za a gani. 'Ya'yana suna yi mini dariya, ban fasa ba.

Muka ci gaba har wajen garin Baha. Yanzu an fasa duwatsu an yi hanyoyi ta cikinsu, tafiyar da muka yi kwanaki muna yi ana yin ta tsakanin sallah da sallah. Mu kuwa tafiyar kunkuru muka yi, kuma Inna ce madugu. Ita ke cewa a tsaya, ita ke zaɓen zango, tun rana da sauran tsawo. Takan jiƙa yatsa ta ɗaga ta ji inda iska take. A bakin wuta ta riƙa sako labarin hanya gutsure-gutsure: ƙanenta da aka binne a wani gari da ta manta sunansa, wata mata da ta shayar da ita nonon raƙumi, ranar da suka fara ganin teku ta ɗauka sama ce ta faɗo. Wani lokaci ta yi kuka, mu bar ta ta yi. Ta yi cinikin zuma har mai zumar ya rantse ba a taɓa wahalar da shi haka ba. A dawowa muka mayar da barguna, ta sa na haɗa wa matar da ƙullin yaji. Akurkin kuwa ya ƙare rayuwarsa a bayan warsha, tattabaru suna ƙyanƙyasa a ciki. Maigida, da idonsa ya yi rauni yanzu, har gobe in aka yi baƙi sai ya ce ba don tagoginsa ba da ba a ga haka ba. Nakan ce masa haka ne, Allah ne Ya san abin da Ya sa a cikin kuskuren bawa.

Amma ranar da muka gangaro, da zafin Jidda ya tare mu tun daga nesa, sai tsoro ya dawo mini. A dutse an bukace ta. A nan fa? Ga benen, ga matakalar, ga ɗakin, ga ƙusar da Baba ke rataya rigarsa. Aka mayar da katifa mazauninta. Inna ta shiga, ta daɗe tsaye tana kallon ƙusar, sannan ta zauna ta jawo ƙofa. Ban ji motsinta ba har azahar.

Na yi tuwo da miyar kuɓewa. Na zuba a kwanonta, na rufe, na kasa ɗauka. Na kira Takwara na ɗora mata a hannu, na ce ta riƙe da kyau, ta yi sallama kafin ta shiga. Na zauna kan turmi a madafa ina jan carbi, ina roƙon Allah abin da ban iya sa wa suna ba. A ƙasan bene mai gyaran rediyo yana ta neman tasha. Jaririya ta yi barci a bayana. Na ji an buɗe ƙofa, na ji tafiyar ƙananan ƙafafu, sai ga ta a bakin madafa, miya a haɓarta har wuyan riga, ta miƙo mini kwanon.

"Ummi, Sitti ta ce wai gishiri bai ji ba, kuma wai tuwon ya yi ruwa. Ta ce yalla, maza ki ƙaro, kuma ki zo da kanki ta nuna miki."